Yunwar Da Ɗantani Ya Hango

Duk wanda ya taɓa wuni a Ƙofa ya san Ɗantani, domin shi ba ya bari a ƙi saninsa. Idan ana hirar jirgin sama, ya taɓa gyara guda a Kano. Idan ana maganar macizai, shi suke gani su canja hanya. Gonarsa kuwa, in ka bi ta gefenta da damina, sai ka ɗauka fili ne aka ware wa ciyawa ta huta. Abin da ke riƙe da gidan shi ne shanun huɗar matarsa Turai, Jatau da Duna, waɗanda ta gada daga mahaifinta. Da damina a ba da su haya su yi huɗa, da rani su ja amalanke. Turai ba ta haɗa su da komai, ko tari ɗayansu ya yi, ranar tuwo ba ya mata daɗi.

Ana nan sai wata ƙungiya ta shirya bita a Tudun Wada, don koya wa manoma yadda za su zuba bayanan gonakinsu a manhaja, ita kuma ta nuna musu lokacin da ya kamata su ajiye amfani da lokacin da ya fi kyau su sayar. Wanda aka gayyata daga Ƙofa zazzaɓi ya kwantar da shi. Ɗantani ya ji ana raba shinkafa da kaza, sai ya tafi a madadinsa. Da safe ya saurara sosai. Bayan an ci abinci ya shari barcinsa, daidai lokacin da malamar bitar ke ta gargaɗi cewa manhaja ba ta san gaibu ba, abin da ka zuba mata shi za ta dafa maka. Ya dawo gida da wata babbar waya mai faɗin faranti, da hula mai baki, da sabon sunan da ya raɗa wa kansa, wato Daraktan Alƙaluma.

Bai ko shiga gida ba ya zarce majalisa. Ya ɗaga wayar sama ya ce, "Daga yau an daina noman jahilci a ƙasar nan. Wannan abar, in ta kalli manomi sau ɗaya, ta san ranar da zai yi arziki."

Lado dillalin hatsi ya ce, "To ta kalle ka mana, mu ji taka ranar."

"Ai ta riga ta faɗa min. Sirri ne."

"Lallai ta iya riƙe sirri," in ji Lado, "don mu dai ko alama ba mu gani ba."

Ɗantani bai kula shi ba. Ya ce da zarar an gama girbi zai zaga Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, ya tambayi kowane manomi buhun masara nawa ya samu, manhaja ta haɗa, ta faɗi ranar da kowa zai sayar ya cika aljihu.

To akwai abin da kowa ya sani a ƙasar nan, wanda Ɗantani ya manta, watakila don hular ta matse masa kai. Manomi ba ya faɗin abin da ya noma. In ya kuskura ya faɗa da safe, kafin la'asar ƙanin surukinsa ya iso da maganar suna, wani ya zo da ta magani, ga tsoron baki da ido. Shi ya sa ko rumbu na neman fashewa, amsar dai ita ce, "Bana sai haƙuri."

Ya fara da Alhaji Sabo, babban manomin da ke kusa da Ƙafin Maiyaki. Ya same shi tsaye a ƙofar sito, suka gaisa, aka tambayi iyali da gajiya, sannan Ɗantani ya zaro waya.

"Alhaji, bana buhu nawa?"

Alhaji Sabo ya yi ajiyar zuciya. "Ɗantani, bar ni da abin da ke damuna. Tsutsa ta cinye, abin da ta rage biri ya kwashe."

"To nawa zan sa?"

"Sa biyu. A'a, kada in yi ƙarya, sa ɗaya da rabi."

A daidai nan ne wasu ƙarti uku suka gifta ta bayansa suna nishi da buhu guda. Ɗantani ya ce, "Wannan fa?"

"Ƙaiƙayi ne, na tumaki."

"Ƙaiƙayi ne mutum uku ke ɗauka?"

"Jiƙaƙƙe ne."

Ɗantani ya gyaɗa kai ya rubuta ɗaya da rabi. Haka ya yi ta zagayawa a kan babur na aro. A Doguwa wani Malam Abdullahi ya rantse masa cewa abin da ya noma a hula ya kawo shi gida, hular ma ba ta cika ba. A Tiga wani ya fashe da kuka tun kafin a gama tambayar, har Ɗantani ya saya masa shayi. Duk inda ya je masara ta mutu, amma kajin garin sun yi ƙiba har ba sa iya gudu.

Da ya dawo sai ya rage tasa gonar. Abin da ya noma bai cika yatsun hannu ɗaya ba. Ya rubuta, ya duba, ya ga wannan ba adadin Darakta ba ne. Ya ƙara sifiri a gaba. Ya sake dubawa, ya ga sifirin shi kaɗai ya yi maraici, ya ƙara masa ɗan'uwa.

Ranar bayyana sakamako aka cika ajin firamare maƙil, aka rufe tagogi, aka kunna majigi. Manhaja ta zana wa kowane manomi ginshiƙi daidai abin da ya ce ya samu. Na Alhaji Sabo kamar guntun ashana. Na Malam Abdullahi sai da aka matsa kusa da bango kafin a gan shi. Na Ɗantani kuwa ya tashi daga ƙasa ya wuce allo, ya haye silin, sai da aka karkata majigin kafin a ga ƙarshensa.

Ya gyara hula ya ce, "Jama'a, alƙaluma ba sa ƙarya. Yunwa na tafe. Babu masara a ƙananan hukumomi huɗu. Duk mai ɗan abin da ya rage ya ƙulle shi. Manhaja ta ce farashi zai kai ƙololuwa ranar kasuwar Ƙafin Maiyaki ta farko bayan ƙaramar Sallah. Ranar za a sayar, ba kafin nan ba."

Kowa ya sunkuyar da kai yana cewa, "Allah Ya kyauta." A zuci kuwa kowa rawa yake yi, domin kowane ɗayansu ya tabbata shi kaɗai ne ya yi ƙarya, sauran duk gaskiya suka faɗa.

Washegari tun Ɗantani bai karya ba aka yi sallama. Liman ne, ya zo ya tuna masa cewa wanda Allah Ya ba irin wannan ginshiƙi, akwai haƙƙin zakka a kansa. Liman bai tashi ba sai ga Gwaggo Kaltume, yayar babansa, daga Doguwa, da buhuna wofi a ɗaure a ka. Ta ce, "Ɗan nan, ashe haka Allah Ya yi da kai, ka bar mu muna tauna yawu?" Bayanta maroƙa suka iso da kalangu suna kirari, "Rumbun Ƙofa, mai ciyar da ƙasa huɗu! Ginshiƙi ya fasa silin!" Kan Ɗantani ya kumbura, ya ce a buɗe ɗaki a auna wa kowa. Har Alhaji Sabo sai da ya zo, yana ɗingishi, ya roƙi mudu guda na kunun yara. Kafin azahar ɗan abin da Ɗantani ya noma ya ƙare ƙaf, layi kuwa bai ragu ba.

Turai ta ja shi gefe ta ce, "Malam, wai ina masarar da ake ta yi maka kiɗa a kanta?"

"Tana sito."

"Wane siton? Shekara nawa muna tare ban san kana da sito ba."

"Na sirri ne. Aikin alƙaluma ba a yin sa a fili."

Ya sallami jama'a da cewa makulli ya ɓace, su dawo. Sannan ya zauna yana saƙe-saƙe. Dole ya nemo masara, ya rufe bakin Gwaggo, ya kuma ajiye sauran zuwa ranar da za ta zama zinare. Amma da me zai saya? Yana cikin wannan tunani sai Jatau ya yi kuka a turke.

Ya shiga wajen Turai da fuskar likita. "Na zuba bayanan shanun nan a manhaja. Ta ce iskar Ƙofa ta ishe su. In ba a kai su rugar Hamidu can bakin Tiga sun sha iskar dam ba, ba za su kai damina ba."

Turai ta ce, "Shanun da ke cin dusa har suna turo ƙofa? Me ya same su?"

"Ciwon ciki ne na zamani, ido ba ya ganinsa."

"Ita wayar da wane idon ta gani?"

"Turai, in sun faɗi kada ki ce ban faɗa ba."

Nan ya kama ta. Ta yarda, ba don ta amince da wayar ba, sai don tsoron kada wani abu ya same su. Ta shafa wuyan kowanne, ta ɗaura masa ƙullin kanwa ya kai wa Hamidu.

Ɗantani bai ko kalli hanyar Tiga ba. Gidan Alhaji Sabo ya nufa da shanun. Ya ce, "Na san ba ka da komai, Alhaji, amma ko za ka san mai saye?"

"Saboda kai zan daure in yi ƙoƙari," in ji Alhaji Sabo, ya shiga ɗaki ya fito da kuɗin a ɗaure tun ba a gama ciniki ba.

Suka yi sharaɗi a gaban shaidu. In Ɗantani ya dawo da kuɗin kafin faɗuwar rana a ranar kasuwar nan ta bayan Sallah, ya karɓi shanunsa. In rana ta faɗi, sun zama na Alhaji. Ɗantani ya yi dariya ya ce ranar ai da garke zai koma gida. Don ma a san da babban mutum aka yi ciniki, ya ba da amalanke da karkiya a matsayin gyara.

Daga nan ya nemi Lado a ɓoye ya danƙa masa kuɗin. "Ka sayo min masara, kada kowa ya ji sunana."

"A ina zan samo masara a ƙasar da ka ce babu?"

"Aikinka ne."

Lado bai sha wahala ba. Duk ƙofar da ya ƙwanƙwasa, sai mai gida ya leƙa hagu da dama, ya ce akwai wani buhu guda da ya manta da shi, amma sai an rantse ba za a faɗi sunansa ba, kuma sai da tsada, tunda yunwa na tafe. Farashi ya fara hawa. Ɗantani ya zuba sabon farashin a manhaja, manhaja ta ce lallai hasashe ya tabbata. Ya fita majalisa yana tafiya kamar mai tsoron taka ƙasa. Ya ƙara sayen, farashi ya ƙara tashi, ya ƙara yarda da kansa. Ya auna wa Gwaggo nata, amma ta ce ba inda za ta sai ta ga ranar arziki da idonta. Turai kuwa kullum sai ta tambayi lafiyar shanu, shi kuma kullum ya ce Hamidu ya aiko, suna gaishe ta.

Ranar kasuwa ta zo. Ɗantani ya sha babbar riga, ya loda buhunansa a motar kurkura, ya ɗauko wa Turai da Gwaggo adaidaita, ya ce yau sai sun ga abin da ilimi ke yi. Tun kafin su hango Ƙafin Maiyaki hanya ta cushe. Motoci, babura, jakuna, amalanke, kowanne ya yi dam da masara. Wani ma a kan keke ya ɗora buhu biyu yana turawa. Mutane na haɗa ido suna kau da kai.

Ɗantani ya hango Malam Abdullahi a gaban wata babbar mota. Ya ɗaga murya, "Malam Abdullahi! Ba kai ne ka kawo taka a hula ba?"

"Hular ce Allah Ya sa wa albarka!"

Mutumin Tiga da ya yi kuka yana can a kan tulin buhuna yana cin rake. Da ya ga Ɗantani sai ya sa hannu ya fara share ido, amma bai daina tauna ba.

A cikin kasuwa kuwa babu masaka tsinke. 'Yan sari da suka zo daga Kano suka dubi tsaunin masara, suka dubi juna, suka nemi inuwa suka miƙe ƙafa. Duk wanda ya faɗi farashi, na kusa da shi ya rage. Kafin azahar buhun masara ya koma kamar kyauta, ana roƙon mai saye yana hamma.

Sai aka fara neman Darakta. Suka yi masa zobe.

"Ina ƙololuwar da ka ce?"

"Ka hana ni sayarwa lokacin da take da daraja!"

Ɗantani ya haye kan buhu ya ɗaga waya. "Ku ne kuka yi wa manhaja ƙarya! Kowa ya ce ba shi da komai!"

Wani dattijo ya ce, "To da so kake mu faɗa maka gaskiya? Kai wane ne namu?"

Lado ya ce, "Ranka ya daɗe Darakta, tunda maganar gaskiya ake, ina sauran ginshiƙin? Wannan ɗan tulin naka ai ko gindin allo bai kai ba, kuma ni na sayo maka shi."

Kasuwa ta ɗauki ihu. Ɗantani ya buɗe baki zai ba da amsa, sai aka ji ana cewa a ba da hanya. Alhaji Sabo ne ya iso da jerin amalanke, ƙaiƙayinsa jiƙaƙƙe ya zama masara fara tas. A gaban na farko kuwa, Jatau da Duna ne ke ja, sun rame, wuyansu ya saɓule saboda kaya.

Turai ta sauko daga adaidaita ba ta ko nemi takalmi ba. Ta ratsa maza ta isa gabansu. Duna ya ji muryarta ya tura mata hanci. Ta juyo ta dubi mijinta.

"Malam, nan ne bakin dam?"

"Wato, Turai, alƙaluma..."

"Nan ne bakin dam, na ce?"

Aka tafi gaban Sarkin Kasuwa, shaidu suka faɗi sharaɗi. Ya dubi rana ya ce lokaci bai wuce ba, a kawo kuɗi a karɓi shanu. Ɗantani ya ce a ɗauki masararsa duka. Alhaji Sabo ya ce shi da ya rasa yadda zai yi da tasa, kuma a farashin yau duk tulin nan ba zai sayi ƙafar sa ɗaya ba.

Sai Turai ta juya baya, ta kwance lalita daga ƙugunta ta ajiye a gaban Sarkin Kasuwa.

Idon Ɗantani ya yi waje. "Ke kuma ina kika samu wannan?"

"Masarar da ake biyana ladan huɗa na tara a gidan yayana. Da na ji ta yi tsada na ba Lado ya sayar min. Ya ce wani wawa ne ke saye ko nawa aka ce."

Kowa ya juya ya kalli Lado. Lado ya ce, "Ni dai ban faɗi sunan kowa ba."

Dariya ta ɓarke har 'yan sari suka taso daga inuwa. Turai kaɗai ce ba ta yi ba. Ta ce, "Ashe masarata ka saya da kuɗin shanuna."

Da aka duba abin da ke cikin lalitar, na sa ɗaya ya isa. Aka roƙi Alhaji Sabo ya yi haƙuri zuwa kaka, ya ce shi ma bana bai samu komai ba. Sarkin Kasuwa ya ce to Turai ta zaɓa. Ta daɗe tsaye tsakaninsu, hannu ɗaya a kan wannan, ɗaya a kan wancan. Tare aka haife su a garken babanta, tare suka koyi huɗa. Daga ƙarshe ta kama igiyar Duna, don shi ya fi ramewa, ta san ba zai jure hannun wani ba. Da aka ja Jatau ya waiwayo ya yi kuka, ita ma hawaye suka zubo mata, ba ta ɓoye ba.

Sarkin Kasuwa ya ce amalanke da karkiya su koma ga mai su, shi tunda yake bai taɓa jin an ba da amalanke gyara ba. Mai kurkura ya riga ya gudu da ya ga babu alamar kuɗin mota, don haka aka loda masarar Ɗantani a amalanken, aka ɗaura Duna. Ɗaya gefen karkiyar ya faɗi ƙasa.

Turai ta share fuska. Ta dubi gefen da ke ƙasa, ta dubi mijinta.

"Malam, karkiya ba ta tafiya da gefe ɗaya."

"Bari in tambayi manhaja."

"Tambaye ta kana tafe."

Ya dubi Gwaggo Kaltume ko za ta sa baki. Gwaggo ta miƙo hannu ta ce, "Kawo rigar in riƙe maka, ɗan nan, kada ta yage."

Haka suka fita daga Ƙafin Maiyaki, kasuwa duka ta bi su zuwa bakin titi. Duna a dama, Darakta a hagu da karkiya a kafaɗa, gumi na tsiyaya ta ƙarƙashin hula mai baki. Duk wanda suka wuce sai Ɗantani ya daure ya ɗago kai ya ce, "Ku lura da kyau, gefena ya fi sauri."

Turai na zaune a kan buhuna, ta ba su baya, tana kallon inda aka ɗaure Jatau har hanya ta karya kwana.